Kawu Mai Shuka Ƙaya

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya amsa kiran Ubangijinsa a Lyon da shigowar sanyi, muka yi zaman makoki a ɗan gidansa na haya da ke Bron, a gefen Lyon. Gidan bai ɗauki jama'a ba. Ɗaliban Nijar da suka taɓa kwana a falonsa sun cika matakala, wasu da jakar makaranta a baya, suna ta maimaita "Tonton ya tafi", wato Kawu da Faransanci, kamar ba su yarda ba. 'Yan kasuwa sun zo daga Paris a jirgin ƙasa na safe, suka shimfiɗa dardumansu har bakin ƙofa. Wani tsoho ɗan Aljeriya, maƙwabcinsa na lambu, ya zauna a kusurwa yana kuka, ba ya ko ɓoyewa. Yayan Kawu kuwa, wanda muke kira Alhaji, yana kusa da taga. Ana yi masa gaisuwa yana amsawa, kansa a sunkuye, hannuwansa a cikin aljihu.

Ina madafa ina juya shinkafa sai wata Hajiya daga Clichy-sous-Bois ta buɗe ƙofar balko, wato baranda, don ta sha iska. A balkon akwai kwalaye a shimfiɗe, a kansu an jera ganyen kaktus, wata shuka mai ƙaya, faffaɗa kamar tafin hannu, duk sun yamutse.

"Wannan kuma mine ne?" in ji ta.

Wani ɗalibi ya ce mata abin da ya saura ne daga lambun marigayi.

"Allah sarki. Ba ɗa, ba jika, ba ko ɗaki guda a Damagaram. Shekara da shekaru a Faransa, mutum ya tahi ya bar ƙaya."

Na san ba da mugunta ta faɗa ba. Amma raina ya ɓaci, ɓacin da har yau bai gama wucewa ba. Na ci gaba da juya shinkafata, don ba a faɗa a gidan makoki. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ko ƙayar da take raina ba tabbas za ta tsira. Filin lambun ba na Kawu ba ne, ƙungiyar lambunan unguwa ce ke ba mutum aro, idan ya mutu ta karɓe abinta. Shukar da ke cikinsa kuma ta riga ta ruɓe. Ganyayen nan na balko su kaɗai suka rage, idan ba su yi saiwa ba, aikinsa na shekaru ya bi shi kabari. Shi ya sa nake wannan rubutu, don a san wane ne ya shuka ƙayar nan, da abin da ya sa.

Kawu ya zo Faransa karatu tun yana saurayi, ya ƙare yana aiki a ɗakin littattafan jami'a. Matarsa ta rasu ba su samu haihuwa ba, ya ƙi sake aure, duk wanda ya kawo masa zancen sai ya tambaye shi lafiyar tasa matar har ya gaji ya yi shiru. Ni na zo wurinsa a farkon shekarun dubu biyu. Mahaifiyata ta damƙa masa ni ta waya, ta ce, "Ga ɗiyarka nan." Asabar ta farko na ci ado, ina tsammanin za a kai ni ganin gari. Sai ya miƙo mini wasu tsofaffin takalma ya ce in biyo shi.

Lambun nasa shi ne na ƙarshe a layi, jikin shinge, inda masu gini suka taɓa zubar da yashi da tsakuwa. Duk wanda aka ba wurin sai ya ƙi. Kawu ya ce ranar da aka nuna masa, ya tsuguna ya damƙi ƙasar, ta zube ta tsakanin yatsunsa, ya ce wa mai rabon, "Wannan ƙasar garinmu ce, ba ni." Maƙwabta na turo taki a baro, shi yana turo ƙarin yashi. Suka ɗauka baƙon nan bai san noma ba, har wani ya zo ya yi masa bayani a hankali, kamar ana koya wa yaro alwala. Ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya koma ya ɗebo wani baron.

Ganyen farko a bakin hanya ya tsince shi. Ya je Marseille raka kayan Alhaji tashar jirgin ruwa, a hanyar dawowa ya ga ƙayar ta mamaye wani gangare mai duwatsu, ba mai kula da ita. Ya naɗe ganye guda a jarida ya taho da shi. Faransawa na ce mata figue de Barbarie, ɗalibai su ce kaktus, shi kuwa "ƙayata" kawai yake cewa. Lokacin da na zo ta cika lambun, ta kai gwiwa, wani wurin ta kai ƙugu. Idan ɗumi ya shigo ta yi fure rawaya, daga baya 'ya'ya jajaye su jeru a bakin ganye. Manyan ƙayoyinta da sauƙi, ana ganinsu. Matsalar ita ce ƙananan, masu kama da ƙaiƙayin gero, su shige fata ba ka gani, ka wuni kana susa. Don haka Kawu ba ya rabuwa da ɗan hantsaki a aljihun gaba, kuma kafin ya ba mutum hannu sai ya duba tafinsa tukuna.

Dokokinsa ba su da yawa, amma ba ya sassauta ko ɗaya. In an yanke ganye ba a dasa shi nan take, sai a ajiye shi a inuwa har bakin yankan ya bushe ya yi tauri. Sannan a tsayar da shi a busasshen yashi a juya masa baya. In sanyi ya gabato sai ya kafa sanduna ya ɗaura leda mai kauri a sama, gefe a buɗe, iska na shiga tana fita. Na ce masa ai wannan rumfar ba ta hana sanyi.

"Wa ya ce miki sanyi nake tarewa? Sanyi ba ya kashe ta, ɗiyata. Ruwa ne ke kashe ta. In kin ga ta yamutse ta kwanta, da gangan ta yi. Ta zubar da ruwan jikinta ne don ƙanƙara ta zo ta rasa abin fasawa. Ranar da kika ji tausayinta kika ba ta ruwa, ranar kika kashe ta."

Haka yake yi da mutane ma, kuma ba kowa ke jin daɗin hakan ba. Kalmar da ya fi tsana ita ce "Allah sarki". Ɗalibi zai sauka tasha ba shi da kowa, Kawu ya ɗauko shi, ya ba shi bargo da makulli da tuwo mai zafi, bai tambaye shi ɗan wa ne ba. Amma da gari ya waye zai ja masa bargon ya ce ya tashi ya je neman takardu da aiki. Wanda ya zauna yana ba da labarin wahalarsa, Kawu zai saurara sau ɗaya. In ya sake farawa sai ya ce, "Bon, mun ji. Gobe mi za ka yi?"

Ni ma na sha nawa. Shekarata ta farko na faɗi jarrabawa, na haɗa akwati na ce gida zan koma. Ina jira ya lallashe ni. Sai ya ce in sa takalman nan mu tafi lambu. Ya yanke ganye guda ya nuna mini bakin yankan yana tsiyaya.

"In na dasa shi yanzu mi zai faru?"

"Ruɓewa zai yi," na ce, ina share hawaye, ina jin haushinsa.

"Voilà. Ke ma ɗanya kike. Ban hana ki komawa ba, amma ba yau za ki yanke shawara ba. Ɗauki baro."

Na tura yashi ranar har kafaɗuna suka yi tsami, ina zaginsa a zuciya. Da muka koma gida ya dafa mini shinkafa da wake da hannunsa, bai ƙara tayar da zancen ba. Akwatin ya daɗe a ɗaure a bayan ƙofa, wata rana na lura na kwance shi ban sani ba.

Ƙungiyar lambunan ta taɓa neman korarsa. Shugabarta, wata Madam mai son tsari, ta ce dokarsu ta ce abin ci ake shukawa, shi kuwa hatsari ya shuka, ko ya tuge ko ya bar filin. Aka sa ranar taro. Kawu ya yanki ɗanyun ganye, ya kankare ƙayar tas, ya yayyanka ƙanana, ya yi miya da busasshen kifi da daddawa. Yauƙi take yi kamar kuɓewa. Ya sa ni na tuƙa tuwo, muka ɗauki tukwane biyu muka shiga ɗakin taron ana tsakiyar karanta ƙararsa. Ya ajiye a gaban Madam, ya miƙa mata cokali.

"Madame, kin ce ba abinci ba ne. Ci ki gaya wa jama'a."

Ta ɗaga cokalin miyar na bin sa ba ta tsinke ba, ɗakin ya fashe da dariya. Ta dai daure ta haɗiye. Tsohon nan ɗan Aljeriya ya ja tukunyar gabansa ya ce shi tun barinsa ƙauyensu bai ga mai mutunta wannan shukar ba sai yau. Ba a sake zancen kora ba. Aka dai ce ya ja da ita baya daga hanya, ya ja da ita taki guda, shi ma yana gunaguni.

Rigimar da ba ta ƙare da dariya ba ita ce tasa da Alhaji. Alhaji ɗan kasuwa ne a Saint-Denis kusa da Paris, mai aika kaya gida, ya gina gidaje a Damagaram, kuma ya daɗe yana bin ƙanensa ya zo su haɗa hannu. Wata Sallah ya zo Bron, ya ce a kai shi ya ga lambun da ya hana ɗan'uwansa zama mutum. Ya shiga da farar babbar riga. Bai yi nisa ba ƙaya ta kama gefenta, ya ja, ta kama ɗaya gefen.

"Subhanallahi! Mahaihinmu ya ƙare ƙarhinsa yana hidda ƙaya daga gona, kai ka hau jirgi ka ƙetare teku ka zo kana shuka ta? Da tumatir ne ma, da albasa. In an tambaye ni a gida mi ƙanena ke yi, in ce mi?"

"Ka ce yana shuka abin da ba ya roƙon kowa," in ji Kawu. "Tumatir ɗinsu in an yi kwana biyu ba a duba shi ba ya faɗi. Tawa ko na mutu ba za ta sani ba."

"Ai kuwa ita za ta gaje ka."

"Na yarda."

Alhaji ya fizge rigarsa, ta yage. Tun daga ranar bai sake taka Lyon ba. Gaisuwarsu ta koma ta waya, daga Sallah sai Sallah, ita ma a gajarce: lahiya, lahiya lau, a gaida iyali. Ni ce a tsakiya, kowanne na tambayata labarin ɗayan kamar ba da gangan ba.

Shekaru suka wuce, na gama karatu na kama aiki a cikin Lyon. Sai ciwon ƙirji ya kwantar da Kawu a asibiti, daidai lokacin da ganyen itatuwa ke zuba. Ya riga ya ɗaura rumfarsa ta leda kafin ya kwanta. Na kira Alhaji na gaya masa abin da likita ya ce. Washegari sai ga shi da ƙaramar jaka, ya sauka a gidan Bron. Kullum yana asibiti da rana, su zauna suna kallon bango. Abin da ban sani ba shi ne da safe yana zare makullin lambu daga ƙusa ya tafi shi kaɗai.

Ya tarar da ƙayar ta yamutse ta kwanta a kan yashi, ƙasa a bushe ƙamas, an kuma rufe ta da leda ruwan sama ba ya isa gare ta. Ya ɗauka ciwo ne ya sa ƙanensa ya yi sakaci. Ya kwance ledar ya naɗe. Ya samo arozuwar, butar ban-ruwa, ya dinga jido ruwa daga famfo yana shayar da ita safiya bayan safiya, da nufin ranar da aka sallami Kawu ya tarar da lambunsa kore shar. Maƙwabcin da zai hana shi ya tafi Aljeriya ganin gida. Aka yi ruwan sama a kan na Alhaji, sannan ƙanƙara ta sauka.

Maƙwabcin ne ya kira ni da ya dawo. Na tarar da gindin shukar ya yi baƙi ya narke, wari na tashi, ganye sun zube a cikin taɓo. Alhaji na tsaye da arozuwar a hannu. Na manta da girmansa, na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba.

"Kawu Alhaji, wa ya sa ka?"

"Ƙishirwa take ji, 'yar nan! Ki dube ta! Ni in ga abin ɗan'uwana yana mutuwa da ƙishi in wuce?"

Mu mutane ne da baƙo ba ya faɗin sunansa sai an miƙa masa ruwa. Mutumin da ya tashi yana ganin gero na ƙonewa a tsaye, yana ganin shanu na faɗuwa a bakin rijiya, ba za ka ce masa ya bar abu ya bushe don ya rayu ba. Bai iya cewa ƙanensa ya yafe masa ba, sai ya ɗebi ruwa. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, duk a tsaye ɗaya.

Muka yi shawara ba za mu gaya wa Kawu ba. Shawarar ba ta kai ko'ina ba. Muna shiga ɗakin ya ga yayansa na susar tafin hannu a jikin riga.

"Yaya, miƙo hannunka."

Ya juya shi wajen hasken taga ya duba.

"Ka je lambu."

"Na je."

"Ka ba ta ruwa."

Na zaci Kawu zai juya fuska bango. Sai ya kama dariya, dariyar da ta koma tari har na tashi zan kira ma'aikaciya, ya ɗaga mini hannu.

"Shekara nawa ina jira ka shiga lambuna ka taɓa shi da hannunka. Ranar da ka taɓa ka kashe mini shi." Ya juyo gare ni. "Ɗiyata, hantsakina na cikin aljihun riga."

Ya riƙe hannun yayansa a kan bargo yana cire ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya. Alhaji na kuka, hawaye na bin gemunsa. Kawu bai ce masa ya yi haƙuri ba, umarni ya shiga bayarwa.

"Ku koma yanzu. Na sama, waɗanda baƙin bai kai ba, ku yanke su da wuƙa mai tsabta. Ku shimhiɗa a balko inda ruwa ba ya zuwa. Kada wanda ya dasa sai sanyi ya wuce. Kai kuma Yaya, ko kusa da buta kada in ji ka je."

Muka yanke abin da ya yanku, ni da Alhaji da maƙwabcin. Ba a daɗe ba Kawu ya cika. Ya bar wasiyya a binne shi inda ya faɗi, kada a wahalar da gawarsa a jirgi, Alhaji kuma bai yi gardama ba. Aka kai shi ɓangaren Musulmi na maƙabartar gari. Ganyayen da Hajiya ta gani a balko ke nan, kuma kunyar abin da ya faru ce ta sa Alhaji ɓoye hannuwansa a aljihu.

Ƙungiya ta karɓi filin, wani ya zuba taki ya shuka dankali. Na kwashe kwalayen zuwa gidana. Duk tsawon sanyin nan ina kallonsu suna ƙara motsewa, wasu suka yi baƙi na zubar. Ba sau ɗaya ba na tsinci kaina tsaye a kansu da kofi a hannu, in tuna muryarsa in koma. Da ɗumi ya shigo na tsayar da su a tukwanen yashi na juya musu baya. Alhaji ya koma kirana daga Saint-Denis, gaisuwar ma ba ya ƙarasawa.

"Lahiya? Ta kama?"

"Tukuna."

Wata safiya na kama ganye guda da jarida na ɗan ja. Ya ƙi tasowa. Na ja na kusa da shi, shi ma ya riƙe ƙasa. Na zauna a daɓen balko na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, sannan na kira Saint-Denis.

Na raba tukwanen. Maƙwabcin ya jera nasa a bakin shingensa. Ɗalibai suka ɗiba, yau akwai ta a tagogi daga Bron har Paris. Ita ma Hajiya na kai mata tukunya guda har Clichy-sous-Bois, na ce gadon marigayi ne aka raba, ga rabonta. Ta karɓa da hannu biyu kafin in ce ta yi hankali, na ciro hantsakin Kawu na ba ta aro.

Mafi girmansu Alhaji ya ce a ajiye masa. Ya zo Lyon, muka tafi maƙabarta tare, tukunyar a kan cinyarsa cikin tram, ɗan jirgin ƙasa na cikin gari, mutane na matsawa. A bakin kabarin ya tsuguna.

"A garinmu ba a barin sabon kabari ba ƙaya," in ji shi. "Saboda kura da karnuka. Ranar da aka binne mahaihinmu, ni da ƙanena muka saro, shi ya jawo ta har kan kabari. Tun da aka sa shi nan ba na barci, an bar ƙanena a buɗe."

Ya tona da hannunsa, ya zuba yashin da muka zo da shi, ya tsayar da ita wajen kai. Muka yi addu'a, Allah Ya gafarta masa, Ya yalwata masa makwanci, Ya saka masa da abin da ya yi wa 'ya'yan mutane. Da muka shafa sai na ga Alhaji ya zaro butalin ruwa daga aljihu, ya kwance murfi, don a yayyafa wa kabari kamar yadda aka saba. Hannunsa har ya karkata.

"Kawu Alhaji," na ce.

Ya dubi butalin, ya dubi ƙayar. Ya girgiza kai, ya kafa baki ya shanye ruwan tas, ya mayar da murfi.

"Ko a kabari sai ya ci ni da gardama," in ji shi.

Tana nan har yau. Ta wuce sanyi bayan sanyi ba rumfa ba mai ban-ruwa, ta rufe kabarin daga kai har ƙafa, duk shekara tana fure. Hajiya ta yi gaskiya, ƙaya Kawu ya bari. Wanda ya ga abin rainawa ne ya zo ya gwada tuge ta.